Aikin da Ke Ihu da Aikin da Ke Shiru

Karatu: Fitowa 18:13-26, Markus 1:32-39, Ayyukan Manzanni 6:1-7

Kafin ka ci gaba da wannan darasi, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan uku da ke sama, ko kuwa ka sa wani ya karanta maka. Ba za mu maimaita ayoyin a nan ba, muna so ka gan su da idonka.

Akwai wata irin gajiya wadda ba ta rago ba ce. Mutum ya tashi tun da asuba, bai zauna ba sai dare, ƙafa ta yi nauyi, baya yana ciwo. Amma in ya kwanta ya tambayi kansa abin da ya gama yau, sai ya rasa amsa. Rufin ɗakin da ya ce zai gyara tun kaka yana nan yadda yake, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Yaron da malamin makaranta ya aiko a zo a yi magana a kansa, wata biyu ke nan ba a je ba. Littafin da ya ce zai riƙa karantawa kowace safiya, ƙura ta rufe shi. Wannan mutum ba malalaci ba ne. Wa'azin da ake yi wa malalaci ba zai amfane shi ba, sai dai ya ƙara masa nauyin zuciya. Saboda shi muka rubuta wannan darasi, ko namiji ne ko mace.

Abin da baƙo ya gani

Yetro, firist na Madayana, surukin Musa ne. Ya zo jeji ya kawo wa Musa matarsa Ziffora da 'ya'yansa biyu. Aka yi gaisuwa, aka ba da labarin fitowa daga Masar, aka ci abinci. Kashegari Musa ya koma bakin aikinsa, ya zauna yana yi wa jama'a shari'a, mutane kuwa suna tsaitsaye kewaye da shi tun safe har yamma. Ka tuna yawan jama'ar nan: maza kaɗai wajen 600,000 ne suka fito daga Masar, ban da mata da yara. Wanda ya taɓa zama a ƙofar mai gari ya san irin maganganun da ke tasowa in mutane suna zaune kusa da juna: akuya ta shiga inda bai kamata ba, bashi ya daɗe, yara sun yi faɗa iyaye sun shiga. Duk wanda ya kawo tasa, a ganinsa babu wadda ta fi ta, kuma yau yake so a yanke.

Babu wanda zai kalli Musa a ranar nan ya ce yana ɓata lokaci. Aikin Allah yake yi, da dukan ƙarfinsa. Duk da haka tsohon ya dube shi ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gaji, jama'ar ma za su gaji. Mutanen da ke cikin zangon sun saba da layin har sun daina ganinsa. Baƙon da ya kwana ɗaya shi ya gani.

Ka lura da abin da Yetro bai ce ba. Bai ce wa Musa ya riƙa tashi da wuri fiye da haka ba. Bai ce ya riƙa yanke shari'a da sauri ba, ko ya rage barci. Da irinmu ne, wannan shawara za mu ba shi, gama ita muke ba kanmu kullum: gobe zan ƙara ƙoƙari. Yetro kuwa ya ɗauki aikin ya raba shi biyu. Akwai abin da Musa kaɗai zai iya yi, wato ya tsaya a gaban Allah a madadin jama'a, ya kuma koya musu dokoki da hanyar da za su bi. Akwai kuma abin da waɗansu za su iya yi in an zaɓe su da kyau, mutane masu tsoron Allah, masu gaskiya, waɗanda ba sa karɓar hanci. A sa su bisa dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Ƙananan maganganu su ƙare a wurinsu, manya su iso wurin Musa.

A nan ne zuciyar darasinmu take. A cikin dubban mutanen da suka tsaya a layi, babu wanda ya zo ya ce, Musa, ka bar tawa, je ka koya wa jama'a doka. Koyarwa ba ta da mai kawo ƙara. Ba ta tsayawa a ƙofa, ba ta ɗaga murya. Amma kowace ranar da ta wuce ba a koyar ba, sababbin rigingimu take haifarwa, layin gobe kuma ya fi na yau tsawo. Aikin da ke ihu ya cinye ranar Musa, aikin da ke shiru kuwa, wanda shi ne zai rage ihun, bai sami ko awa ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika faɗa ba. Sa'ad da mutum ɗaya ya riƙe kome a hannunsa, ba lokacinsa kaɗai yake ɓatawa ba. Mutanen nan da suka wuni a tsaye suna da dabbobi da za su shayar, suna da yara. Mai bishara ko dattijon ikkilisiya wanda mabuɗin majami'a yana aljihunsa, littafin baiko yana ɗakinsa, ba a sayen ko tsintsiya sai ya dawo daga tafiya, yana iya ganin kansa mai sadaukarwa ne. Amma ya tsayar da mutum hamsin a rana suna jiransa. Haka uwar gida wadda ba ta yarda kowa ya taɓa tukunya ko turmi, sa'an nan ta ce ba mai taimakonta. Wani lokaci abin da muke kira himma, tsoro ne kada a yi abu ba tare da mu ba, kuma ya yi kyau. Musa bai yi gardama ba. Shi ne mutumin da Allah ya yi magana da shi daga cikin kurmi mai cin wuta, amma ya saurari surukinsa ya yi yadda ya ce.

Gaggawa dabam, muhimmanci dabam

A watan Agusta na 1954, Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ta yi babban taronta na biyu a garin Evanston na Amurka. Shugaban ƙasar na lokacin, Dwight Eisenhower, ya yi musu jawabi. A ciki ya kawo maganar wani tsohon shugaban kwaleji, wanda ya ce damuwarsa iri biyu ce, masu gaggawa da masu muhimmanci, kuma masu gaggawar ba su da muhimmanci, masu muhimmancin kuwa ba su taɓa zama na gaggawa ba. Maganar ta yi yawo ƙwarai. Daga baya, a 1989, wani marubuci mai suna Stephen Covey ya yaɗa ta da zane mai gida huɗu, har yau ana koyar da ita a ofisoshi da makarantu. Maganar ta ɗan wuce gona da iri, gama yaron da zazzaɓi ya kama da dare abu ne mai gaggawa, mai muhimmanci kuma. Amma gaskiyar da ke cikinta ita ce wadda Yetro ya gani tun dā: abin da ya fi ƙara ba lalle shi ya fi nauyi ba.

Manomi bai bukatar zane mai gida huɗu kafin ya gane wannan. A ƙasar Maradi da Tawa da Damagaram, damina 'yar wata uku zuwa huɗu ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. In ruwan shuka ya sauka, ba mai zama a gida, gama ƙasa ba za ta jira ba, kowa ya san wannan. Amma gyaran hauya, da zaɓen iri, da kai taki gona, da share ta, waɗannan na rani ne, lokacin da babu abin da ke matsa wa mutum. Wanda ya bar su, ran da ruwa ya sauka shi ne za ka gani yana yawo gida-gida neman iri, yana jira a bakin maƙera, alhali maƙwabta suna gona. Haka noman firi. Ciyawa ba ta ihu. In ka yi jinkirin mako guda gonar tana nan kore shar, kamar ba abin da ya faru. Sai a kaka, wajen ɗaurin dammuna, za a gane cewa ciyawa ta sha ruwan da gero zai sha. Yawancin abin da muke kira gaggawa yau, abu ne mai muhimmanci da muka bari jiya har ya ruɓe. Allurar rigakafin da ba a kai yaro ba ita ce gudun asibiti na tsakar dare. Maganar da miji da mata suka ƙi zama su yi ita ce ƙarar da ta kai gaban dattawa.

Yanzu kuma mun sa mai ihu a cikin aljihunmu. Salula alheri ce, ta rage mana tafiye-tafiye da yawa, ɗan da ke ci-rani yana aiko da kuɗi ta cikinta. Amma ba ta san bambanci tsakanin labarin rasuwa da hoton barkwanci da wani ya tura a WhatsApp ba, ƙara ɗaya take yi wa duka biyu. In kowace ƙara ta sa ka ajiye abin da ke hannunka, to, ba kai ke tsara ranarka ba, duk wanda ke da lambarka shi ke tsara ta.

Dubi Yesu a Kafarnahum. Da yamma garin duka ya taru a ƙofar gida, ya warkar da masu yawa. Da sassafe, tun da sauran duhu, ya fita zuwa wurin da ba kowa ya yi addu'a. Saminu da abokansa suka bi sawunsa, suka gaya masa kowa yana nemansa. Bukatar gaske ce, marasa lafiya ne. Amma ya ce su tafi garuruwan da ke kusa ya yi wa'azi a can ma, gama abin da ya kawo shi ke nan. Ya iya ba da wannan amsa domin ya riga ya yanke abin da zai yi da ranar kafin masu nema su same shi. Manzanni ma haka suka yi a Urushalima sa'ad da aka yi gunaguni cewa ana mantawa da gwauraye mata masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Ba su ce maganar ƙarama ce ba, ba su kuma bar addu'a da koyarwa suka koma rabon abinci ba. Suka sa jama'a ta zaɓi mutum 7, Istifanas da Filibus suna cikinsu, aka danƙa musu aikin. Gwaurayen suka ci, koyarwa kuma ba ta tsaya ba.

To, yaya za a yi?

Aikin da ke shiru ba zai nemi wuri da kansa ba, sai ka yanka masa. Kai mai sauraron rediyo ka riga ka iya wannan, ko da ba ka sani ba. Ka san ƙarfe nawa shirin da kake so yake farawa. Ka san ba zai jira ka ba, saboda haka kakan gama abin da kake yi, ka duba batir, ka zauna. Mutanen gida ma sun sani, ba mai aikenka a lokacin. Abin da ka yi wa rediyo shi za ka yi wa aikin nan da ka daɗe kana ɗagawa: ka ba shi rana da sa'a, ka kuma faɗa wa mutanen gidanka. “Wata rana zan gyara rufi” ba shiri ba ne, buri ne. “Ran Talata da safe, kafin in tafi kasuwa, ni da ƙanena” shi ne shiri.

Da dare, kafin ka kwanta, ka zaɓi abu ɗaya da in ka gama shi gobe ranar ba ta tafi a banza ba. Ɗaya, ba goma ba. Taura biyu ba ta taunuwa. In kana rubutu ka rubuta shi a takarda, in ba ka rubutu ka faɗa wa matarka ko mijinki da baki, gama abin da aka faɗa wa wani ya fi wuyar gudu. Da safe, bayan addu'a, ka fara da shi tun kafin ka buɗe salula, tun rana ba ta yi zafi ba. In aikin babba ne, kamar haƙa masai ko biyan bashi, ka yanko abin da zai shiga safiya ɗaya. Ba a cewa gobe zan biya bashi. Ana cewa gobe zan je wurin mai bashin mu yi magana a kan jaka biyu kowace ranar kasuwa.

Sa'an nan ka yi wa kanka tambayar Yetro: a cikin abubuwan da na yi yau, wanne ne ni kaɗai zan iya yi? Ba mai iya zama uban 'ya'yanka sai kai. Ba mai iya yin addu'arka a madadinka har abada. Amma kai awaki kiwo, da buga ƙararrawar sujada, da share majami'a, da rubuta sunayen masu zuwa zumuntar mata, akwai masu iyawa, waɗansu ma suna jira ne a tambaye su. Gaskiya ne a karo na farko ba za su yi kamar kai ba. Koya wa yarinya tuƙa tuwo ya fi tuƙa shi da kanki cin lokaci a makon farko, tuwon ma zai yi gudaji. Wannan ɓata lokacin shi ne irin da ake shukawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai mai jinkar ya yarda ya kira mutane.

Kada a yi mana mummunar fahimta

Littattafan da ake rubutawa a ƙasashen Turai da Amurka a kan tsara lokaci sukan ɗauki baƙon da ya zo ba sanarwa a matsayin cikas. Mu ba za mu iya karɓar wannan yadda yake ba, kuma bai kamata mu karɓa ba. Zumunta a ƙafa take. Gaisuwar rasuwa, da duba mara lafiya, da zama da tsohuwar da ba ta da kowa, ba su cikin abubuwan da ke cinye lokaci, suna cikin abubuwan da aka ba mu lokaci dominsu. A misalin da Yesu ya bayar a Luka sura 10, firist da Balawe sun ga mutum kwance a hanyar Yariko suka ratse. Wanda tsarinsa ya yi tsauri har ba zai iya tsayawa wurin mai rauni ba, tsarin ya zama masa gunki. Abin da muke cewa shi ne ka san bambanci tsakanin wanda ya zo da bukata da zaman hira a gindin bishiya wanda ya fara da gaisuwa ya ƙare da la'asar. Na farko ka ajiye kome ka tashi. Na biyu, ba rashin kunya ba ne ka gaisa da kyau, ka ce akwai aikin da ke jiranka, ka yi alkawarin dawowa da yamma, ka kuwa dawo.

Domin haka kada ka cika ranarka har baki. Ɗan adam yana da wani hali na raina tsawon aiki. A wani bincike da aka buga a 1994, an tambayi ɗaliban wata jami'a a Kanada kwana nawa zai ɗauke su su gama babban rubutunsu na ƙarshen karatu. Da aka haɗa amsoshinsu, kusan kwana 34 suka ce. Da aka bi su, sai da suka yi fiye da kwana 55. Waɗannan masu ilimi ne, da agogo a hannu. Kai ma ka sani daga tela da magini, ka kuma sani daga kanka: aikin da ka ce na safiya ɗaya ne yakan kai azahar. Maganinsa shi ne kada ka tambayi zuciyarka, ka tambayi bara. Kwana nawa noman firi ya ɗauke ka bara? To, haka zai ɗauke ka bana, ko fiye, gama ka ƙara shekara. In ka lissafta da gaskiya, ka kuma bar sarari a tsakani, baƙo zai zo ya same ka da fuska a sake, ba kana duban agogo ba.

Hutu ma yana cikin ayyukan da ke shiru. Ba ya ihu sai ran da jiki ya faɗi. Mako yana da awa 168, Allah kuwa ya keɓe rana ɗaya cikin bakwai tun kafin a ƙera agogo. A Fitowa sura 34 an ambaci lokacin noma da lokacin girbi da sunansu, cewa ko a cikinsu a huta, wato daidai lokacin da manomi zai ce ba zai yiwu ba. Ma'aikatan ikkilisiya su ne suka fi kowa karya wannan, gama Lahadi ita ce ranar aikinsu mafi nauyi. In haka ne, sai dattawa su zauna da fasto su keɓe masa wata rana a mako, su sanar a majami'a, su kuma nuna wanda za a nema a ranar in wani abu ya taso.

Aikin wannan mako

Ka sami takarda, ko bayan wannan ɗan littafi. Kwana uku a jere, kowane dare, ka rubuta abubuwan da suka ci ranarka, kada ka gyara, kada ka ɓoye awar da ta tafi a salula. A rana ta huɗu ka zauna da wani wanda yake ganin zamanka kuma ba ya jin tsoron faɗa maka gaskiya, ko matarka, ko mijinki, ko wani dattijo. Ka karanta masa, ka tambaye shi abu biyu: wanne ne a ciki wani zai iya yi, wane aiki ne kuma ya kamata ya gani a takardar amma bai gani ba? Kada ka kāre kanka sa'ad da yake magana, ka bari ya gama. Abin da ya ambata na biyu, ka sa masa rana da sa'a kafin ku tashi daga tabarmar.

A darasi na gaba za mu karanta Nehemiya sura 6, inda aka aika wa mai ginin garun Urushalima har sau huɗu ya sauko a yi taro. Ka karanta surar kafin lokacin.